Wanda Ya Wanke Soso

Tawfiq ya fara ganin tankin kifi ne a falon daraktansu, Alhaji Abdulmajeed, ranar da suka je yi masa barka da sallah a gidansa na Maitama. Gilashi ne dogo, tsawonsa ya kai na kujera mai zaman mutum uku, da fitila shuɗiya a samansa, kifaye jajaye da masu ratsi suna ta kai da komo a ciki. Abokan aikinsa suna hirar filaye da sababbin motoci, shi kuwa idonsa bai bar gilashin ba. A shekarar ne, 2012, aka ƙara masa girma ya zama mataimakin darakta, ya tashi daga hayar Kubwa ya koma gida mai ɗaki huɗu a Gwarimpa. Abuja na ta kumbura a lokacin, duk unguwar da ka shiga sai ka ga tifa tana juye yashi, kowa kuma yana neman abin da zai ajiye a falo, baƙo ya gani ya san an ci gaba.

Bayan sati biyu aka kawo masa nasa tankin. Wanda ya kawo shi wani dattijo ne mai suna Leonard, mai shagon kifin ado a kasuwar Wuse, mutum mai sanyin hannu da ba ya gaggawa a komai. Ya wanke tsakuwa ya shimfiɗa, ya dasa ciyayin ruwa, ya cika tankin, sannan ya maƙala filta a kusurwa, wato ɗan injin da ke jan ruwa ta cikin farin soso ya tace shi.

Ameera, 'yar Tawfiq mai shekara bakwai, ta tambaya ina kifin.

"Kifi ba yanzu ba," in ji Leonard da Hausarsa ta kasuwa. "Sai sati shida."

Tawfiq ya ɗaga gira. "Sati shida? Mu yi ta kallon ruwa ba komai a ciki?"

"Oga, akwai abu, ido ne ba ya gani. Kashin kifi yana zama guba a ruwa. Akwai ƙananan halitta da suke cin gubar, sai mun jira su haihu su yi yawa a cikin wannan soso. Kullum a zuba ɗan abincin kifi kaɗan, ya ruɓe a ciki, shi ne abincinsu. Idan ka sa kifi yau, kafin sati duk sun mutu."

Ya fito da wasu ƙananan kwalabe ya nuna musu yadda ake gwaji. A ɗebi ruwan tankin, a ɗiga magani, a girgiza, a jira minti biyar. Idan ruwan ya yi kore, akwai guba. Idan ya tsaya rawaya, lafiya lau. Yana cikin bayanin soson ne wayar Tawfiq ta yi ƙara, daga ofis, ya fita baranda yana amsawa. Wadda ta tsaya ta ji sauran bayanin ita ce Hannah, mai aikin gidan, tana riƙe da tsumman goge ruwan da ya zube a tayil.

Hannah 'yar wani ƙauye ce kusa da Kwali, ta haura shekara hamsin. Kowa a gidan Maman Nathan yake ce mata, da sunan babban ɗanta. Shekararta takwas tare da su, tun matar Tawfiq, Rukayyat, tana da cikin Ameera. Ita ta goyi yarinyar lokacin da uwar ta koma aiki, ita ke riƙe makullan gidan idan sun tafi Kano hutu.

A cikin makonni shidan nan, rabin wahalar tankin a kanta ta faɗa. Sau biyu aka tura Tawfiq Legas taro, ita ta riƙa zuba ɗan abincin kowace safiya. Idan aka ɗauke wuta da rana, ita ke barin girki ta je ta tada janareta, domin Leonard ya ce idan filta ta daɗe a tsaye halittun za su shaƙe. Tawfiq kuwa da ya dawo ofis, kafin ya cire hula sai ya yi gwaji. Sati na farko kore, na biyu kore shar, na huɗu ya fara dusashewa. Ran Laraba ta sati na shida ruwan ya tsaya rawaya fes. Ya ɗaga kwalbar a hasken taga ya kira kowa ya zo ya gani, har ya ɗauki hoto ya aika wa Leonard.

Leonard ya ce saura gwaji ɗaya. Ran Juma'a a zuba abinci fiye da na kullum, idan ruwan ya wayi gari rawaya ran Asabar, zai zo da kifi shida na farko. Tawfiq bai iya riƙe farin cikinsa ba. Ran Alhamis ya shiga ofishin Alhaji Abdulmajeed da fayil, da zai fita ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma mun bi sahunku. Jibi za a saka mana kifi, da za ka samu sarari ka zo mu ci abincin rana." Daraktan ya ce zai zo.

Da ya dawo daga masallacin Juma'a, Tawfiq ya tsaya a tsakiyar falo yana duban tankin da idon baƙo. Gilashi tas, ciyayi sun yi kyau. Amma soson filtar da aka saka fari sol ya koma ruwan ƙasa, da wani yauƙi a jikinsa, kuma daga kujerar da daraktan zai zauna shi za a fara gani. Ya naɗe hannun riga, ya ciro shi, ya nufi kicin.

Hannah na yankan alayyafo. Da ta ga ya buɗe famfo sai ta ajiye wuƙar.

"Oga, mai kifi ya ce kar a wanke shi da ruwan famfo fa. Ya ce maganin da ke cikin ruwan yana kashe abin. Sai dai a matse shi kaɗan a ruwan tanki."

"Maman Nathan, datti kawai zan ɗauraye. Ci gaba da aikinki."

"Ya ce wannan datti shi ne..."

"Na ce na ji."

Ya murje soson a ƙarƙashin famfo. Da ya ga bai fita yadda yake so ba, ya ɗauko butar shayi ya tsiyaya masa ruwan zafi, ya sake matsewa har ya yi fari. Ya mayar da shi, ya zuba abincin da aka ce, ya ja da baya ya duba. Ya yi kyau ƙwarai.

Asabar da ƙarfe ɗaya Alhaji Abdulmajeed ya iso, ya zauna a kujerar da aka tanadar masa. Rukayyat ta jera abinci. Ba a daɗe ba Leonard ya shigo da ledoji biyu cike da ruwa, ƙananan kifaye shida suna wulgawa a ciki, Ameera tana tsalle a bayansa. Ya ajiye ledojin a kan tebur ya ce bari ya gwada ruwan tukuna. Ya ɗiba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Tun kafin minti biyar su cika ruwan ya fara juyawa, ya koma kore.

Leonard ya sake gwadawa da wata kwalbar. Kore. Ya leƙa cikin tankin, ya daɗe yana kallon kusurwa.

"Wa ya wanke soso?"

Daraktan ya juyo yana kallon Tawfiq da ɗan murmushi, da kofin zoɓo a hannu. A daidai lokacin Hannah ta fito daga kicin da kwanon miya.

Tawfiq ya ji muryarsa tana fita kafin ya gama shawara da zuciyarsa. "Maman Nathan, ke kika wanke? Ba na ce kar kowa ya taɓa tankin nan ba?"

Ta tsaya da kwanon a hannu. Ta dube shi, ba da fushi ba, kamar dai wadda ke jiran ya ce wasa yake. Bai ce ba. Ya mayar da idonsa kan tankin.

"Yi haƙuri, Oga," ta ce a hankali, ta ajiye miyar.

Rukayyat, wadda ta kwana biyu tana shirin wannan baƙo, ta harzuƙa. "Haba Maman Nathan! Sati shida fa ana wahala. Ba komai ne ake dirzawa kamar tukunyar ƙauye ba. Abin da ba ki sani ba ki tambaya mana, ba sai kin kunyata mutane ba."

Alhaji Abdulmajeed ya yi dariya ya ce a bar ta, haka masu aiki suke, nasa ma ya taɓa goge masa talabijin da ruwan sabulu. Tawfiq ya taya shi dariyar. Leonard bai yi dariya ba. Ya ɗauki ledojinsa ya ce zai mayar da kifin shago, a sake jira sati uku ko huɗu. Ameera ta fashe da kuka, ta bi Hannah kicin tana cewa ta ɓata mata kifinta. Daga inda yake zaune Tawfiq yana jin muryar matar tana rarrashin yarinyar, tana cewa kifi zai dawo, ta yi shiru. Ya ajiye cokalinsa.

Ran Litinin Hannah ta ce tana son ta je gida ta duba gonar doyarta. Ta bar makullai a kan firji, ta share ɗakinta tas. Sati ya wuce, ba ta dawo ba. Rukayyat ta kira ta sau uku, tana amsawa cikin ladabi, ta tambayi lafiyar Ameera, amma idan aka zo maganar dawowa sai ta ce aikin gona ya yi yawa.

"Ka ga halin mutane ko?" in ji Rukayyat wata safiya tana ɗaura wa Ameera takalmi. "Ita ta yi laifi, ita ke fushi."

Tawfiq ya ce, "Uhm," ya ɗauki makullin mota.

Yanzu shi ke zuba abincin kowace safiya. Da ya ɗaga murfin tankin sai ya ga soson, wanda ya fara komawa ruwan ƙasa a hankali, sai ya kawar da kai. Ya daina kiran kowa ya zo ya ga gwaji. A ofis, idan masinja ya kawo masa fayil ya rusuna, sai ya ji nauyin haɗa ido da shi. Ya gwada gaya wa kansa cewa abin bai kai ya kawo ba, soso ne kawai, kuma ai ba korar ta aka yi ba. Amma ko a sallah maganar ke dawo masa, ba ƙaryar kaɗai ba, har da dariyar da ya taya daraktan.

A sati na biyu, ran Lahadi da hantsi, Rukayyat ta ce ƙawarta ta samo musu wata mai aiki daga Abaji, za ta zo gobe. Tawfiq na tsaye a gaban tankin da kwalbar gwaji.

"Ni na wanke soson," ya ce, bai juyo ba.

"Me ka ce?"

"Ni na wanke shi ran Juma'a, ana gobe baƙo zai zo. Da ruwan zafi ma. Ta hana ni, na ce ta yi aikinta."

Rukayyat ta juyo ta dube shi. "Abban Ameera, kana tsaye na zage ta a gaban baƙo. Na ce mata tukunyar ƙauye. Matar da ta yi jinyata wata guda da na haihu. Kana ji, ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Sati biyu kuma ina zaginta a gabanka kana cewa uhm." Ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da mayafi. "Wallahi ka cuce ni. Da wane ido zan kalle ta?"

Ya ajiye kwalbar, ya shiga ɗaki ya canja riga. Ta ce za ta bi shi, ya ce a'a, wannan tafiyar tasa ce tukuna.

Ya bi hanyar Gwagwalada, ya wuce ta, ya kai Kwali wajen azahar. Damina ce, masara ta kai kafaɗa, kunyoyin doya sun rufe da ganye. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ƙauyen, shekara huɗu baya, lokacin rasuwar mijinta, don haka sai da ya yi tambaya sau biyu kafin ya gane kwanar. Ya ajiye motar a bakin coci, mutane na ta fitowa suna kallonsa, ya ƙarasa da ƙafa.

Ya same ta a bayan gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta riga ta cire kayan coci. Ta ɗora yumɓu a kan kifaffen turmi tana ginin tulu, tana zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Bai taɓa sanin ta iya wannan ba. Yayanta, wani tsoho mai suna Yamusa, ya kawo masa kujera 'yar tsugunno, suka gaisa, sannan ya koma gefe ya zauna yana gyaran ƙotar fartanya.

"Oga, sannu da hanya. Ameera yana lafiya? Madam fa?"

"Duk lafiya, Maman Nathan." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Na zo ne in ba ki haƙuri. Na yi miki ƙarya a gaban mutane. Na gaya wa Rukayyat gaskiya yau da safe."

Ba ta daina zagaya tulun ba. Ta tsoma tsumma a ruwa ta shafa bakinsa.

"Ni na san kai ka wanke. Kai ma ka san kai ka wanke. Allah ma ya sani. Soso ba komai ba ne, Oga."

"To me ya sa ba ki faɗa ba a lokacin?"

Sai a nan ta tsaya ta dube shi. "In faɗa a gaban ogan ka? In ce maigida yana ƙarya, yarinyarsa yana tsaye? Na ce bari baƙo ya tafi, Oga zai zo kicin ya ce Maman Nathan, yi haƙuri, na ji kunya ne. Na jira Asabar. Na jira Lahadi. Ka shigo kicin sau biyu ka ɗauki ruwa ka fita." Ta goge hannunta a zane. "Shekara takwas, ko cokali bai ɓata a hannuna ba. Shi ne na ce, idan gobe abu babba ya ɓata fa, wa za a ce?"

Tawfiq ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa da ya yi jar laka. Yamusa ya daina buga ƙotar.

"Ki dawo, don Allah. Ameera kullum sai ta tambaye ki."

"Ba zan dawo aiki ba. Ba fushi ba ne, na yafe. Na tsufa, gwiwa yana ciwo, Nathan ma ya daɗe yana cewa in zauna gida. Amma abu ɗaya nake so. Mutum huɗu suka ji an ce ni ce. Madam ya ji gaskiya. Saura mai kifi, da ogan ka, da Ameera. Ameera ya fi damuna. Kar ya girma yana cewa ni na kashe mata kifi."

"Zan gaya musu."

"To shi ke nan." Ta kira wata jikarta da yarensu, aka kawo masa dafaffiyar masara da ruwa a kofin silba. Ya ci, ko da yake ba ya jin yunwa, domin ya san ƙin ci wani laifin ne.

Ameera ya fara gaya wa, da yammacin ranar, suna zaune a gaban tankin. Ta saurare shi da ido waje, sannan ta ce, "Abba, kai ma kana ƙarya?" Ya ce ya yi, kuma bai kyauta ba. Ta ce to sai ya ba Maman Nathan haƙuri, ya ce ya bayar. Ta tashi ta tafi wurin uwarta, ranar ba ta yarda ya taya ta aikin makaranta ba.

Na daraktan ya fi ba shi wuya. Ran Talata ya shiga ofishin, ya tsaya a gaban tebur ya faɗi abin da ya kawo shi. Alhaji Abdulmajeed ya ɗago daga takardu yana ƙoƙarin tunawa.

"Wane soso? Oho, na kifi! Kai Tawfiq, a kan wannan ka shigo kamar an yi mutuwa?" Ya yi dariya ya miƙa masa wani fayil. "Ka duba min wannan kafin ƙarfe biyu."

Tawfiq ya fito da fayil ɗin a hammata. A kan matattakala ya tsaya ya jingina da bango. Daraktan da Tawfiq ya yi ƙaryar don kar ya faɗi a idonsa, ko tuna ranar bai yi ba.

Sati biyu bayan haka ruwan ya tsaya rawaya kwana uku a jere. Leonard ya zo ran Asabar da safe, ba baƙo ko ɗaya a gidan. Ya gwada da kansa, ya gyaɗa kai. Ya sa Tawfiq ya kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, suka cika da sabo wanda aka ɗiga wa maganin kashe sinadarin famfo, suka kashe fitilar tankin don kar kifin su firgita. Sannan ya ɗora ledojin a saman ruwan, a ɗaure, ya ce a bar su minti ashirin sanyin ciki da na waje su daidaita.

Suna jira ne Tawfiq ya gaya masa.

"Na sani, Oga," in ji Leonard yana duban agogonsa. "Ranar da na kawo tanki, sau biyu wannan mama ya sa na maimaita maganar soso, don kar ya manta. Ba zai wanke ba."

"Amma ba ka ce komai ba."

"Gidanka ne." Ya kwance bakin leda, ya zuba ɗan ruwan tankin a ciki da kofi. "Kawo ragar can."

Da ƙaramar raga aka kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka shige cikin ciyayi suka ɓuya, ɗaya ya tsaya a tsakiya yana buɗe baki. Leonard ya ce kar a ba su abinci sai gobe, kar kuma a ƙara wasu sai bayan sati biyu.

Rukayyat ta riga ta je Kwali ita kaɗai a Lahadin da ta wuce, ta dawo idanunta jajur, ba ta gaya masa abin da suka tattauna ba, shi ma bai tambaya ba. Bayan Leonard ya tafi, Tawfiq ya fita baranda ya kira lambar Hannah. Ya gaya mata ya faɗa wa duka ukun.

"To, na ji," ta ce. Yana jin kukan kaji a bayanta. "Ameera yana kusa? Ba ni shi."

Ya miƙa wa yarinyar wayar. Ta karɓa ta ruga gaban tankin, tana ƙirga mata kifin da ƙarfi, tana faɗin kalar kowanne. Shi kuwa ya ɗauki bokitin tsohon ruwan ya fita da shi ya zuba wa shukokin bakin ƙofar gida.